Yadda ake ɗaura wesget ɗin tobo a tsohon injin gas, da yadda za ka gwada shi kafin ka sallami mota

Shekaranjiya da hantsi anka kawo mani wata tsohuwar Pajero mai injin 4D56, mai ita shina ta kukan wai ruwan lagireto na ƙarewa kullum kuma bai ga inda shike zuba ba. Ina ɗaga bonet, tun ban taɓa komai ba idona ya faɗa bisa tobo, sai ga wayar ɗaurin rodi an naɗe hannun wesget da ita tamau, awa akuyar da za a kai kasuwar Achida. Na ce Alhaji wa ya yi maka wanga aiki? Ya ce wani yaro ne ya ce mashi in anka ɗaure nan mota za ta ƙara ja, kuma wallahi ta ƙara. Na ce ai bai yi maka ƙarya ba Alhaji, ta ƙara ja, ga shi hal ta jawo maka gasket.

Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ake aikin nan tun daga farko, don abin bai da wuya, illa dai mutane na yin shi da ka, ba geji ba awo, kuma wanga wuri ba a yi mashi kintace.

Tobo dai fanka biyu ce bisa sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga injin shi ke juya ta baya, ita kuma ta juya ta gaba wadda ke danna iska cikin injin, gudunta kan wuce juyi dubu 100 a minti guda. To abin shina ciyar da kansa ne, iska ta ƙaru, wuta ta ƙaru cikin silinda, hayaƙi ya ƙaru, fanka ta ƙara gudu, iska ta sake ƙaruwa, in babu mai tsawata mata haka za ta yi ta yi sai wani abu ya fashe. Mai tsawatawar shi ne wesget. 'Yar ƙofa ce cikin gidan tobo na wajen hayaƙi, in iska ta kai iyakar da kamfani ya yanka sai ta buɗe, wani hayaƙin ya zagaye fanka ya wuce salansa kai tsaye. Abin da ke buɗe ta shi ne akcuweta, mu nan gwangwani muke ce mashi don kamar ƙaramin gwangwanin madara shike. Cikinsa akwai roba mai faɗi da sifirin, sifirin ɗin na jan sanda shi riƙe ƙofa a rufe, ga kuma ɗan siririn tiyo da ya taso daga gidan fankar iska ya shiga gwangwanin. In iskar tiyon ta fi ƙarfin sifirin sai ta tura roba, roba ta tura sanda, sanda ta tura hannun ƙofa. Shi ke nan dukkan sirrin.

Irin wanga tsari za ka samu a su 2L-T na tsohuwar Hilux mai tobo CT20, da 1HD-T na Land Cruiser 80 da ya fito 1990 mai CT26, da 1KZ mai CT12B, da 4D56 mai TD04, hal da Cummins 6BT mai Holset HX35W, harafin W ɗin nan na ƙarshe ma wesget shike nufi. Amma ka duba da kyau, akwai sababbin motoci da gwangwaninsu zuƙo iska ke jan shi ba turi ba, akwai kuma masu ƙaramin moto na wuta da soket. Waɗannan ba da su nake ba. In ka bi tiyon ka ga ya tashi daga gidan fanka ko daga bututun iskar da ke shiga injin, to naka ne, ci gaba da karatu. Wasu manyan tsofaffin injinan kuma tobonsu bai da wesget sam, haka anka ƙera su, kada ka wahal da kanka da nema.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana 10 da 12 da 13, filaya mai dogon baki, ƙaramin sukudireba, WD-40, buroshin waya, mita guda na siririn tiyo, mahaɗar tiyo mai baki uku, ruwan Omo a gora, alli ko maka. Sai manya biyu da in ba ka da su gara ka bar aikin: geji mai auna iska daga ba 0 zuwa ba 2 (ba, wato bar, ma'aunin ƙarfin iska ne), da famfon hannu. Famfon keke ya isa in ka haɗa shi da geji. Ka riƙe cewa ba 1 daidai shike da psi 14.5, don wasu gejin da psi sunka zo. Wani ya taɓa zo mani da roban awon hawan jini wai shi za mu matsa, to wannan iyakarsa 300 a ma'auninsa, wato kamar ba 0.4, ko motsa sandar ba zai yi ba.

Kwamfuresar mai faci kuwa ka yi nesa da ita. Ni da kaina ta koya mani hankali lokacin ina yaron gareji. Maigidana ya sayo sabon gwangwani ya ce in gwada mashi shi kafin a ɗaura, ni kuma da son a ce na iya sai na ruga wajen mai facin da ke bakin titi na ce ɗan busa mani nan. Iska ba 6 zuwa 8 ke cikin tankin nan, abin da anka yi don ba 1. Ji na yi ya ce fat a hannuna, sanda ta fito ta koma, daga nan ko ka hura da baki iska wucewa take. Na dawo ina raɓe-raɓe, Oga ya karɓa ya girgiza shi kusa da kunne ya ce, kai wanga yaro, tayar tirela ta kaka hurawa? Sati biyu ban ga kuɗin abinci ba.

To kafin ka kwance komai, ka fara tabbatarwa wesget ɗin ne ke da laifi, don sau da yawa ana ɗora mashi laifin da ba nashi ba. Mota ta ƙi ja tana baƙin hayaƙi, kowa sai ya ce tobo. Fara da filtar iska. Mu da muke Sakkwato, in hunturu ya shigo ƙura ta taso, filtar da za ta yi wata shida a wani gari nan wata guda ta toshe, musamman motocin da ke bin hanyar Illela da Gwadabawa ko masu shiga ƙauyuka cin kasuwa. Daga nan ka bi manyan tiyon iska tun daga tobo hal zuwa manifol, wato bututun da ke raba iska ga silindoji, duk inda ka ga danshin baƙin mai da ƙura ta manne, nan iska ke tsiyaya. Duba filtar gas. Sannan ka duba wani ɗan tiyo da mutane ke mantawa da shi, wanda ya tashi daga manifol ya hau kan injekta famfo, ya shiga wata 'yar hula da ke bisa. Hular nan ita ke gaya wa famfo cewa iska ta ƙaru, ƙara gas. In tiyonta ya tsage ko ya toshe, tobo na aikinsa lafiya lau amma famfo bai sani ba, sai mota ta yi sanyi kamar mai azumi kuma ba za ka ga hayaƙi ba. In duk waɗannan lafiya suke, to yanzu ka juyo kan wesget.

Alamunsa kala biyu ne. In ƙofa ta maƙale a buɗe, ko sifirin ya mutu, ko sanda ta kuɓuce daga hannun ƙofa, mota za ta yi nauyi, kukan tobo ya ragu ko ya ɓace, wani lokaci ka ji ƙarar kacau-kacau daga wajen salansa in tana sulo. Wannan ba ya kashe injin da wuri, haushi ɗai shike ba direba. Mai kisan shi ne na biyu, ƙofa ta cije a rufe, ko roban gwangwani ya fashe, ko ɗan tiyon ya tsage iska ba ta isa. Nan mota za ta yi ta tashi awa doki, direba na murna, alhali gasket da fistin da kan silinda ne ke biyan kuɗin.

Bari injin shi huce sosai. Hayaƙin da ke bi ta nan kan kai digiri 600 ko fiye in mota na jan lodi, kuma ƙarfen gidan tobo baƙi ne, ba ya nuna maka da zafi sai ka taɓa. Cire kan batir. Cire garkuwar zafi in akwai, notocinta kusan kullum sun ci tsatsa, ka fesa masu WD-40 ka je ka sha shayi ka dawo, in ka yi gaggawa ka karya kusa cikin gidan tobo aikin awa guda ya koma na kwana biyu. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, ka sa alli ka yi alama inda notin sanda shike zaune, ko ka ƙirga zaren da ya rage a waje.

Yanzu duba inda sanda ta haɗu da hannun ƙofa. Akwai ɗan fin da ya ratsa ramin bakin sanda, an kulle shi da wani ɗan kilif mai kamar harafin E. Ka shimfiɗa tsumma ƙarƙashi, ka sa yatsa ka dafe shi sannan ka zare da sukudireba, don in ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayin gareji sai dai ka yi mashi addu'a. Sandar ba za ta fita da sauƙi ba tunda sifirin na jan ta, kuma haka ake so. In ka ga ta zame da kanta salin-alin, to ka riga ka kama ɓarawo guda. Hanya mai kyau ita ce ka haɗa famfonka da gwangwani ka ɗan ba shi iska hal sanda ta saki, sai ka zare ta a hankali.

Da sanda ta fita, kama hannun ƙofa da yatsu biyu ka kai shi ka dawo. Ya kamata shi tafi sumul ba cijewa, in ya kai ƙarshe ka ji ƙofa ta zauna ɗaf. In ya cije, fesa mai, ka yi ta kai shi kana dawowa, kana ɗan ƙwanƙwasa shi da bayan sifana, ban da guduma. Sai ka girgiza shi sama da ƙasa, in ka ji shina lilo sosai cikin bushinsa kuma ga baƙin toka kewaye da wurin, bushin ya cinye, hayaƙi na fita ta nan. Ni shawarata ka daure ka kwance bututun salansa daga bayan tobo ka ga ƙofar da idonka. Za ka same ta kamar kwabo bisa rami. Goge baƙin da ya daskare da buroshi, shafa alli a bakin ramin, rufe ƙofa ka danna ka buɗe, in allin ya fito zagaye cif a jikinta to tana zama daidai, in gefe guda ɗai ya kama to ta karkace ko ta cinye. Sau da yawa za ka ga 'yar tsaga kamar gashi a bakin ramin, tsofaffin tobo kusan duk suna da ita kuma ana tafiya da ita a haka, amma in ta buɗe hal farce na shiga, ko ta ratsa inda ƙofa ke zama, sabon gwangwani ba zai yi maka maganin komai ba, gidan za ka canza.

Tunda kana wurin, cire tiyon gaba ka kama fankar iska. Motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi in dai ba ta taɓa bango, amma gaba da baya bai kamata ka ji komai ba. In bakin fuka-fukanta ya cinye kamar an goga da fayil, ƙura ce, koma ka tuhumi filta. Toshe bakin da tsumma mai tsabta, kuma don Allah ka tuna ka cire shi daga baya.

Sai gwajin gwangwani, tsohon da sabon duka, a benci. Haɗa famfo da geji da gwangwani ta mahaɗar nan mai baki uku. Ɗora yatsa bisa sanda, ka riƙa ba da iska kaɗan-kaɗan kana kallon allura. Inda ka fara jin sanda ta motsa, rubuta lambar. Ci gaba kaɗan ka ga tana fita sumul ba tsalle-tsalle, amma kada ka zarce da yawa, in sanda ta kai ƙarshen tafiyarta ka tsaya. Sai ka toshe tiyo ka jira minti guda. Allura ta tsaya cak, roba na da lafiya. Tana sauka a hankali, fesa ruwan Omo a mahaɗan tiyonka tukuna don kada ka zargi mai gaskiya, in ba kumfa a nan to roban ne ya huje, kuma ba a facinsa, yar da shi. Saki iska, sanda ta koma da ƙarfi nan take. Galibin ƙananan tsofaffin injinan nan iskarsu tsakanin ba 0.6 ne zuwa 1, amma kowane da lambarsa a littafinsa, ita za ka bi, ba ta injin maƙwabcinka ba.

Nan ne masu saye a kasuwa ke faɗawa rami. Ka je J. Allen ko wajen masu kayan Beljiyam, za a ɗauko maka gwangwani biyar duk kamarsu ɗaya, ramukan kusa ma sun yi daidai, amma sifirin ɗin ciki ba ɗaya ba ne, wani na motar fetur ne wani na babbar mota. Mai shago ba zai iya ganin ciki ba, kai ma haka. Ni da famfona da gejina nake zuwa cikin leda, in gwada nan gabansa. Ka tafi da tsohon ka jera su, tsawon sanda, lanƙwasarta, da gefen da bakin tiyo ya kalla.

Ɗaurawa. Goge inda burakit zai zauna, ɗora gwangwani, sa kusoshi da hannu kada ka ɗaure tukuna. A tobo da yawa kusoshin nan su ne kuma ke riƙe gidan fankar iska, don haka in ka kwance su gidan na iya juyawa, ka mayar da shi bisa alamarka. Duba sanda, ta miƙe tsaf daga tsakiyar gwangwani zuwa fin, kada ta karkata ta riƙa gugar bakin gwangwani ko tiyon mai ko garkuwa. In ta miƙe sai ka ɗaure kusoshi bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, ka juya fanka da yatsa ka ji ba ta taɓa ko'ina.

Yanzu ga wurin da aikin duka ya rataya. Tura hannun ƙofa da yatsa hal ta rufe ruf, ka riƙe. Kawo bakin sanda kusa da fin. Bai kamata ramin shi zo daidai da fin ba, so ake shi gaza da kamar rabin rami, milimita 2 zuwa 3, yadda sai ka jawo sandar da ɗan ƙarfi, ko ka ba gwangwani 'yar iska, sannan ta shiga. Wanga ɗan jan shi ke danne ƙofa kada hayaƙi shi ture ta tun lokaci bai yi ba. In ramin ya faɗa kan fin ba wahala, ƙofar za ta yi ta kaɗawa, mota ba za ta ja daga ƙasa ba. In kuma sai da kunka taru ku biyu kuna nishi sannan ta shiga, ya yi yawa, ƙofa ba za ta buɗe da wuri ba kuma ba za ta buɗe duka ba.

In sandar mai zare ce, sassauta notin kulle ka juya bakin. Gajarta sanda na ƙara iska, tsawaita ta na ragewa, ka rubuta wannan a bango in kana mantuwa. Rabin juyi rabin juyi ake yi. Kuma duk lokacin da za ka kwance ko ɗaure notin, ka riƙe sandar da filaya kada ta juya, don in ta juya roban ciki take murɗewa, ka yaga sabon abu tun bai ga titi ba. Na Toyota irin su CT26 yawanci sandarsu ba ta da zare, yadda ta zo haka take, masu dabara kan sa washa ƙarƙashin burakit don su ja gwangwani baya. In sifirin ya ɗan gaji ne kana son dawo da shi lambarsa ta asali, kuma da geji a hannunka, ban hana ba. Amma lanƙwasa sanda da filaya, ko yanke ta a yi walda da ido, wannan ɓarna ce.

Shafa ɗan man hana cijewa mai ruwan tagulla a jikin fin in kana da shi. Giris na gama-gari kada ka sa, ƙonewa zai yi shi zama gawayi shi ƙara cije wurin. Mayar da kilif, ka juya shi da sukudireba ka tabbata ya faɗa cikin layinsa. Sa sabon ɗan tiyo, ba tsohon da rana da zafin injin sunka busar ba, ka matse bakinsa biyu da kilif, ka bi da shi nesa da manifol ɗin hayaƙi. Tiyon nan da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba, in ya fita a hanya daidai shike da wayar da anka ɗaure wa Alhaji. Ka hura ɗan bakin ƙarfen da shike shiga a jikin tobo ma, don baƙin mai kan toshe shi.

Kafin ka mayar da salansa, sake haɗa famfo ka gwada a jikin mota. Kalli ƙofa da idonka, ta fara ɗagawa a lambar da ta dace, ta buɗe sosai, ka saki iska ta koma ta rufe ɗaf. Yi haka sau huɗu ko biyar. Lambar da ka gani nan takan ɗan fi wadda za ka gani a titi, saboda a titi hayaƙi ma na tura ƙofar daga ciki, kada wannan shi ruɗe ka.

Wani abu guda kafin ka tada injin. In tsohon tobo ya daɗe shina zubar da baƙin mai, ka kwance intakula, wato mai sanyaya iskar tobo kafin ta shiga injin, in motar na da ita, ka zubar da man da ya taru ciki. Injin gas na iya shan man nan shi yi ta gudu da kansa, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa. In hakan ta taɓa faruwa da kai, sa babbar giya ka take birki ka saki kuloci, ko ka toshe bakin iska da katako, ban da tafin hannu. In kuma ka sauke tobon gaba ɗaya ne, zuba mashi baƙin mai ta ramin sama ka juya fanka da yatsa kafin ka haɗa bututu. Cire tsumman nan. Tada mota ka bar ta sulo minti biyar, kana sauraro kana duba yoyo.

Gwajin tobo a tsaye bai isa ba. Ko ka take totur hal ƙasa a furi ba lallai allura ta kai inda take kaiwa a titi ba, don ba lodi. Sai an hau titi. Sa mahaɗa mai baki uku a tiyon da ya fito daga manifol, ja dogon tiyo ta gefen bonet ka shigo da geji ta taga, yaronka shi riƙe shina karanta maka da ƙarfi, kai idonka na kan hanya, don 'yan kabu-kabu da masu Keke ba su san kana gwaji ba. Ni baifas nake hawa da sassafe, ko in miƙa hanyar Bodinga. Bari injin shi yi ɗumi, sa giya uku ko huɗu, daga juyi kamar 1500 ka take totur duka ka riƙe hal wajen 3000.

Abin da kake son gani, allura ta hau da sauri, ta kai lambar injin, ta tsaya nan kamar an kafa mata ƙusa duk da juyi na ƙaruwa. Tsayawar nan ita ce shaidar ƙofa ta buɗe. In ta wuce lambar tana ta hawa, ɗaga ƙafarka nan take, kada ka ce bari in ga inda za ta tsaya, koma ka duba tiyo da ƙofa, ko ka tsawaita sanda. In ta tsaya amma ƙasa da lamba, gajarta da rabin juyi ka sake fita. In ka yi haka sau biyu ko uku allura ba ta ƙaru ba, daina juyawa, matsalar ba nan take ba, ko iska na tsiyaya, ko gas bai isa ba, ko salansa ta toshe, ko tobon ya gaji. In ta hau daidai sannan ta riƙa zamewa ƙasa da juyi ya yi sama, ka zargi filtar iska da ta gas da tiyon da ke buɗewa in iska ta matsa shi. Yaro kuma shi riƙa leƙa madubi, ɗan baƙin hayaƙi lokacin da ka fara takawa ba komai, amma shi washe da allura ta hau. Shuɗi baƙin mai ne, wannan wani aiki ne daban.

Direbobi za su roƙe ka, Oga ɗan ƙara mata kaɗan mana. Ni ba na yi. Injin irin 2L-T ko a lambarsa an san shi da tsaga kan silinda in ya sha zafi, da yawansu kuma ba su da intakula, iskar da tobo ya matsa da zafinta take shiga. Haɗa wannan da ranar Afrilu a garin nan da zafi ke wuce digiri 40, ga buhunan albasa an lafta mata hal bisa rufi, ga lagireton da ya shekara ashirin. Kuma iska kaɗai ba ita ce ƙarfi ba, sai an ƙara gas, in an ƙara gas an ƙara wuta. Abin da nake gaya masu maimakon haka, in ka dawo daga doguwar tafiya kada ka kashe ta nan take, ba ta minti biyu tana sulo don man da ke cikin tobo kada shi ƙone a kan sandar fanka.

Bayan kwana biyu ko uku ka ce a dawo maka da ita, da sanyin safiya ka duba kilif na nan, notin kulle bai saki ba, tiyo bai taɓa wurin zafi ba, ka sake bin kusoshin salansa da sifana don sukan saki in sun sha wuta sun huce.

Ita Pajeron Alhaji da munka warware wayar, ashe gwangwanin lafiyarsa lau, kilif ne ɗai ya faɗi tun farko sanda ta kuɓuce, shi ne mota ta yi sanyi hal anka kai ga ɗauri. Kilif guda. Mun sa wani, mun gwada da famfo ƙofa na buɗewa tana rufewa yadda ake so. Kan silinda kuwa mun sauke shi jiya, gasket ya ƙone tsakanin lamba biyu da uku, shina wajen masu gwajin tsaga yanzu, sai sun ba mu amsa sannan za mu san ko wankewa za a yi ko Alhaji zai nemi wani.